Ranar da hannuna ya ƙi ni

Tun ina aji huɗu a firamare nake rubutu. Littafin lissafina in an buɗe shi ta gaba lissafi ne, in an juya ta baya kuwa labarai ne na mutanen da ban taɓa gani ba, amma nake jin muryarsu a kaina. Sai kowa ya kwanta nake zaro shi daga ƙarƙashin matashi. Mahaifiyata, Allah ya gafarta mata, takan leƙo ta ce, "Ke dai in kin kama abu ba kya jin yunwa, ba kya jin barci. Ki bi a hankali, jikin nan ba ƙarfe ba ne." Rabin maganar na farko na ɗauke shi yabo, na riƙe shi gam. Rabin na biyu na bar shi nan inda ta faɗe shi, kuma sai da aka yi kusan shekara talatin kafin in koma in ɗauko shi.

Da na girma rubutun ya zama sana'a. Da rana ina aikin fassara da gyaran rubutu a wani kamfani, shi ne albashina. Da dare ina rubuta dogon labari da nake sakar wa masu karatu babi ɗaya kowace rana. Ban da waɗannan na karɓi aikin rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, har an ba ni kafin alƙalami, ga kuma tarin gajerun labarai da na yi wa kaina alkawarin kammalawa kafin in cika shekara arba'in. Ayyuka huɗu, ga miji, ga yara biyu. Ba wanda ya tilasta min. Duk wanda ya kawo aiki sai in ji kamar in na ce a'a ƙofar ba za ta sake buɗewa ba, domin na daɗe ina jiran a san da ni, kuma da aka fara sanina sai tsoron a manta da ni ya fi tsohon jiran ciwo.

Ga yadda kwanana yake a lokacin. In dawo daga aiki, in gama da gida, yara su kwanta, wajen ƙarfe 11 in jingina da bango da waya a hannu. Da manyan yatsuna biyu nake buga kalma dubu biyu ko fiye. Ƙarfe biyu, wani lokacin uku, in saki babin, in tsaya karanta saƙonnin farko na waɗanda su ma ba su yi barci ba. Ƙarfe biyar na tashi. Kofi ne ke riƙe da ni, kofi huɗu a wuni, na ƙarshe da daddare. Na fi shekara uku a haka.

Jiki magayi. Idanuna suka fara yi min kamar an zuba yashi. Wuyana ya ƙage. Sai kuma hannun dama: cikin dare in farka in ji babban yatsa da manuniya da na tsakiya sun mutu, kamar ana tsira min ƙananan allurai, sai na yarfe hannun na ɗan lokaci kafin ya dawo. Ban gaya wa kowa ba. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan ba ni kunya, wanda sai yanzu nake iya faɗinsa: na fara tsanar mutanen cikin labarina. Yarinyar da na ƙirƙira da ƙauna, wadda na sha kuka saboda ita a babobin farko, ta koma min kamar mai bin bashi da ke tsaye a bakin ƙofa kowane dare. Ina rubuta ta ne don in rabu da ita in kwanta. Daga baya na karanta cewa a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan ƙonewar da aiki ke jawowa da alamu uku: ƙarewar ƙarfi, nisantar aikin a zuci har mutum ya riƙa ƙyamarsa, da raguwar ƙwazo. Ba ta kira shi cuta ba, ta ce abu ne da ke tasowa daga matsin aiki da aka daɗe ba a magance ba. Duka ukun ina da su, amma ni a lokacin lalaci nake kiransu, ina ƙara wa kaina bulala.

Wata safiya 'yata, tana da shekara shida a lokacin, ta zauna a gabana in taje mata kai kafin makaranta. Na ɗauki matajin, na sa a gashinta, sai ya zame ya faɗi. Na ɗauka, ya sake faɗuwa. Ina kallon yatsuna, ina ba su umarni, ba sa ji. Ta juyo ta ce, "Umma, ko hannunki ya yi barci ne?" Na ce mata e. Ta kama shi da hannayenta biyu tana hura masa iska, tana cewa ya tashi. Maigidana yana tsaye yana ganinmu. Bai ce komai ba sai da yaran suka fita, sannan ya ce, "Yau ba za ki je aiki ba. Shirya mu tafi asibiti."

Don hannu na je, amma abin da aka gano ya wuce hannu. Nas ta ɗaura min abin awon jini, ta duba, ta yi shiru, ta ce in zauna in huta minti biyar ba magana. Ta sake aunawa a ɗaya hannun. 168 bisa 104. Likita ya ce ba a yanke hukunci da awon rana ɗaya, in dawo wata rana a sake. Na dawo, bai sauka wani abin kirki ba. Ya yi min bayani a natse: lambar sama ƙarfin bugun jini ne a jijiyoyi lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. In awo ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce a ranaku biyu daban, hawan jini ne. Na ce masa ai ni ba na jin jiri, ba na jin komai. Ya ce, "Malama, abin da ya sa yake da haɗari ke nan. Yawanci ba ya sallama. Mutum yana yawonsa yana ci masa zuciya da ƙoda da idanu, wani sai ɓarin jikinsa ya shanye ake ganewa." Sannan ya tambaye ni awa nawa nake barci. Na buɗe baki in ce biyar, domin na san gaskiyar ba ta da daɗin ji, sai na ga maigidana yana kallona. Na ce uku. Daga nan hawaye suka ƙwace min, na kasa tsayar da su har muka fito.

Shi kuma hannun, likitan ya ce akwai wata jijiya da ke bi ta wani matsattsen wuri a tsintsiyar hannu, ita ke kai ji ga waɗannan yatsun uku da rabin na huɗu. In wurin ya kumbura sai ya matse ta, kuma abin ya fi tashi da dare saboda mutum yakan lanƙwashe hannu cikin barci. Aka ba ni abin ɗaure hannu mai ɗan ƙarfe a ciki in riƙa kwana da shi, aka ce in rage buga rubutu a waya, in ba haka ba maganar za ta iya kaiwa ga tiyata. Aka kuma ɗora ni a kan ƙwayar hawan jini, guda ɗaya kowace safiya.

Na so a ce daga nan na gyaru. Ba haka aka yi ba, kuma wannan ɓangaren ne na fi so 'yan uwana marubuta su ji, domin na ga da yawa sun faɗa ramin da na faɗa.

Halin nan nawa na kama abu ba sassauci, shi na kwasa gaba ɗaya na juye a kan neman lafiya. Na ajiye rubutu kwata-kwata. Na sayi na'urar awon jini, na buɗe sabon littafi, na ja layuka. Na sauke manhajar ƙirga taku, na sa wa kaina taku 10,000 kowace rana, ko ana ruwa ko ana iska. In dare ya yi ban cika ba, sai in yi ta zagaya falo kowa na barci, ina kallon lamba tana hawa. Wato barcin da aka ce in yi shi na sake sayarwa, wannan karon don in cika lissafin lafiya. Jinina kuwa sai in auna shi sau takwas, sau goma a wuni. In na ga ya ɗan hau sai gabana ya faɗi, in sake aunawa nan take, faɗuwar gaban ta sa ya ƙara hawa, in sake. Na zama mai gadin jikina, ba dare ba rana. Yarana suka koyi yin shiru in sun ji ƙarar na'urar.

Sai kuskure mafi girma. Bayan wata uku lambobin suka sauko, idon sawuna kuma ya fara kumbura da yamma. Ban koma na tambaya ba. Na yanke wa kaina hukunci cewa na warke, maganin ne ma ke cutar da ni, na daina sha. Cikin 'yan makonni jinin ya koma inda ya fito. Da na je, likitan bai yi min faɗa ba, amma yadda ya ajiye bironsa ya ishe ni. Ya ce kumburin ƙafa sananne ne da irin wannan ƙwayar, da na zo da an rage ta ko an canza min wata. Ya ce maganin hawan jini riƙe shi yake yi, ba kashe shi ba, saukar lambar alama ce cewa maganin yana aiki. Don Allah duk mai karanta wannan da ke shan irin maganin nan, kada ya ajiye shi da ra'ayin kansa. In ya dame ka, koma wurin wanda ya rubuta maka. Ya kuma hana ni yawan awon nan: in zauna in jingina, ƙafafu a ƙasa, hannu daidai ƙirji, in huta minti biyar, in auna safe da yamma na 'yan kwanaki kafin ranar ganinsa, shi ke nan.

Wata biyar na yi ban rubuta ko layi ɗaya nawa na kaina ba. Mutane suna cewa na yi kyau, na huta. Ni kuwa a ciki kamar gidan da aka kwashe kayansa nake. Saƙonnin masu karatu suna ta shigowa. Wasu addu'a suke min, Allah ya saka musu. Wasu kuma suka ce na yaudare su, na ja musu rai na gudu. Akwai wadda ta rubuto cewa in ba zan iya ba tun farko me ya kai ni. Wannan saƙon na karanta shi ya fi sau ashirin. Ban ji haushinta ba, ita ba ta san komai ba, labari take so kuma ni na saba mata da shi kullum. Abin da ya tsaya min a rai shi ne tambayar da na kasa amsawa: in rubutu ne ke kashe ni, rashinsa kuma yana kashe ni ta wata hanyar, ina zan sa kaina?

Wata babbar marubuciya da na ɗauka kamar yayata ce ta zo duba ni. Na zayyana mata komai, ayyukan nan huɗu da yadda kowanne ke jirana. Ta saurara har na gama. Ta ce, "Ƙanwata, in aka ce yau gobara ta cinye dukkansu, wanne za ki yi wa kuka?" Ban yi tunani ba na ce dogon labarin. Ni kaina na yi mamaki, domin shi ne nake ganin na tsana. Ta ce, "To ba labarin kika tsana ba, ƙarfe biyun dare kika tsana. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuwa huɗu kika cusa."

A makon nan na yi abubuwan da suka fi min wuya a duk rayuwata ta aiki. Na kira masu wasan rediyo na ba su haƙuri, na mayar musu da kafin alƙalaminsu, alhali muna da buƙatar kuɗin. Hannuna na rawa na kashe wayar. Gajerun labaran na tattara su a jaka ɗaya na rufe, na yafe wa kaina alkawarin shekara arba'in. Aikin rana ba zan iya barinsa ba, da shi muke rufa wa kanmu asiri, amma na daina kawo shi gida. Sannan na rubuta wa masu karatu gaskiya: ba ni da lafiya, zan dawo, amma babi ɗaya a mako, ba kullum ba. Wasu suka tafi. Da yawa ma, ba zan ɓoye ba. Na ga adadin yana raguwa, na ji zafin, na bar shi ya yi zafinsa.

Maganar tafiya ma na sassauta. Na gano cewa taku 10,000 ɗin da na mayar kamar farilla ya samo asali ne daga sunan wata na'urar ƙirga taku da aka fara tallatawa a Japan a 1965, ba daga umarnin likitoci ba. Tafiya tana da amfani ƙwarai, amma ba a wannan lambar amfanin ya fara ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci manya a ƙa'idojinta na 2020 shi ne motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Na raba ƙaramin: minti 30, kwana biyar. Na goge manhajar. Yanzu in na fita ba na ƙirga komai, ina dai tafiya da saurin da zan iya magana amma ba zan iya rera waƙa ba. Gishiri kuma na rage shi a hankali, domin hukumar ta ce kada ya kai giram biyar a wuni, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, har da wanda ke ɓoye a abubuwan da aka sarrafa. Makonnin farko komai lami nake ji, daga baya harshe ya saba.

Rubutun na ɗauke shi daga dare na kai shi safiya. Wannan canjin shi ne ginshiƙin sauran. Ƙarfe goma na dare waya tana kwana a falo, ni ina ɗaki. Ina neman awa bakwai, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da masana barci ke shawartar babba ya samu. Kofi ɗaya nake sha, da safe, tunda na fahimci sinadarin da ke cikinsa yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wato wanda nake sha da daddare yana nan a jinina har gari ya waye. Ina tashi kafin yara, in zauna a tebur da kwamfuta, tsintsiyar hannu a miƙe, ba a waya ba. Ina saita agogo minti 25, in ya buga in miƙe in ɗan taka, in kalli abu mai nisa ta taga don idanu su saki. Sau uku nake haka. Kalma 500 nake nema, in na samu na rufe, ko da labarin yana ja na.

Wannan rufewar ita ce jarrabawar. Akwai safiyar da rubutu ke zuba kamar an buɗe famfo, zuciya tana cewa ƙara shafi ɗaya, yau kaɗai. Na san muryar nan, ita ce ta kai ni asibiti. Da farko kalma 500 ta yi min kama da wasan yara, ni da nake zubar da dubu biyu a dare. Sai na zauna na yi lissafi: 500 sau biyar a mako 2,500 ke nan, a mako 40 kalma 100,000. Littafi guda cikakke a ƙasa da shekara, ba tare da na ci bashin barci ba. Kuma da na koma na karanta babobin da na rubuta da ƙarfe biyun dare, na ga yadda nake maimaita kaina, ina jan zance don in cika shafi, ina sa mutane faɗa ba dalili saboda ni ce a gajiye. Na safiya sun fi gajarta, sun fi tsabta. Yarinyar labarina ta dawo min. Wata rana ina rubuta wurin da ta koma gidansu bayan doguwar rabuwa, na ji ƙwalla ta cika min ido kamar a babin farko, na san mun shirya.

Bayan rubutu da lafiyar jiki, saura abu na uku, wanda ban san ma na rasa shi ba sai da maigidana ya nuna min. Muna zaune wata yamma ɗana yana ba ni labarin wata rigima da suka yi a filin ƙwallo, yana yi yana kwaikwayon kowa. Ina dariya, hannuna kuma ya tafi neman biro. Bayan yaron ya tashi maigidana ya ce, "Kin lura kuwa? Ba ki taɓa jin abu mai daɗi kin bar shi ya zama naki ba. Komai sai kin kai shi kasuwa." Maganar ta soke ni, domin gaskiya ce. Shekaru ina kallon rayuwata kamar gonar da nake girbe wa labari. Faɗuwar rana, hirar ƙawa, kukan jariri, duk kayan aiki ne. Ko littafin wani na ɗauka, da idon mai gyara nake karanta shi, ina neman inda ya yi kuskure ko dabarar da zan koya.

Daga ranar na ware wasu abubuwa na ce waɗannan ba na rubutu ba ne, ba na lafiya ba ne, ba sa cikin kowane lissafi. Akwai wata 'yar shuka da 'yata ta kawo daga makaranta a gwangwani, ganye biyu kacal, muka ajiye a taga. Kowace safiya kafin in kunna kwamfuta nakan zuba mata ruwa, in juya gwangwanin don ɗaya gefen ma ya samu rana. Ranar da sabon ganye ya ɓullo, a naɗe kamar ƙaramar takarda, launinsa ya fi na sauran haske, mun fi minti goma ni da yarinyar muna kallonsa ba mai magana. Ban ɗauki hoto ba. Akwai tsuntsaye biyu da ke sauka a kan katanga lokacin da nake dawowa daga tafiya, na san wanda ya fi tsoro a cikinsu. Akwai karatun dare na shafi goma a littafin takarda, ba biro a kusa. Wannan ne karo na farko da na ambaci shukar a rubuce, kuma sai da na yi shawara da zuciyata kafin in yi. Akwai sauran da ba zan faɗa ba.

Na lura waɗannan ƙananan abubuwan su ne farkon abin da nake yarwa in aiki ya matso, kuma yar da su ita ce alamar farko cewa na fara komawa gidan jiya, tun kafin na'ura ta nuna komai. In na wayi gari na ga ƙasar gwangwanin ta bushe ta tsage, na san kwana biyu ke nan ban tsaya ba.

Ba zan ce na iya ba. Watanni kaɗan da suka wuce aka matsa mana a wurin aiki da wata fassara mai wa'adi, na yi dare uku a jere ina kaiwa ƙarfe ɗaya. A rana ta huɗu yatsun suka fara tsirawar nan tasu, awo ya nuna jinin ya ɗaga. Da can da na ce shi ke nan na rushe komai, in yi fushi da kaina, in kuma ƙara nutsewa. Wannan karon na je na sami shugabana na ce ina buƙatar ƙarin kwana biyu. Na rubuta wa masu karatu cewa babin makon nan zai makara. Na kwanta ƙarfe tara. Ba a mako ɗaya nake samun duka ukun daidai ba: wani makon rubutu ya yi gaba tafiya ta ragu, wani makon jiki ya karɓi kasonsa babin ya fito gajere. Abin da na hana kaina shi ne in bar ɗaya ya kwana biyu a jere ba a waiwaye shi ba.

Akwai asarar da ba ta dawo ba. Wasan rediyon wani aka ba, ya yi shi da kyau, ya samu suna da shi, nakan ji ana yabonsa in ji wani abu ya ɗan motsa min a ƙirji kafin in yi masa fatan alheri. Kuɗin da nake samu a gefe ya ragu sosai. Gajerun labaran suna nan a jakarsu, na wuce arba'in ban buɗe ta ba. Magani kuma ina sha kowace safiya, mai yiwuwa har ƙarshen rayuwata, na daina jin kunyar hakan. Dogon labarin dai na kammala shi, shekara biyu bayan lokacin da na ɗiba masa. Ranar da na rubuta kalmar ƙarshe mahaifiyata na tuna, da na so in gaya mata na ji sauran rabin maganarta.

Yau da safe na tsaya a tsakiyar wani babi na sabon littafi, mace tana tsaye a bakin ƙofa da wasiƙa a hannu ba ta buɗe ba. Na san abin da ke cikin wasiƙar, yatsuna suna ƙaiƙayin su rubuta. Agogo ya buga na uku, na rufe kwamfutar. 'Yata, wadda yanzu ta kusa kama ni tsawo, ta fito da mataji ta zauna a gabana, ta ce, "Umma, yi sauri kar in makara." Na raba gashin gida huɗu, na fara daga ƙeya, matajin yana zaune daram a hannuna.